Babi na Biyar da Kawu Bai Rubuta Ba

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Ranar wata Talata da hantsi kawuna, yayan mahaifiyata, ya cika, bayan ya yi kwana huɗu a gadon likita, wato asibiti, bai iya magana ba. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

An kafa rumfa a ƙofar gidansa a unguwar Zongo, nan Niamey, aka shimfiɗa tabarmi har bakin shagon telan da ke maƙwabtaka. 'Yan kasuwa suka zo, abokan yayansa. Tsofaffin ɗalibansa suka zo, wasu da furfura, suna cewa shi ya fara riƙe musu hannu da alli a ƙauye kaza. Sai kuma ga wata faba-faba ta tsaya, ƙaramar motar haya ta cikin gari, samari da 'yan mata kusan ashirin suka sauko, kowa da jaka a baya. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta taɓa ni, ta tambaye ni da Zabarmanci ko jikokinsa ne daga wani wuri. Na ce mata 'yan ajinsu ne. Ta ce, yaran da ya koyar? Na ce a'a, waɗanda suke karatu tare. Ta dube ni, ta gyara lulluɓi, ba ta sake tambaya ba.

Ina daga cikin gida tare da mata, amma tagar ɗakin tana kallon rumfa, don haka na ji abin da Babban Kawu ya ce. Shi ne babba a ɗakinsu mahaifiyata, yana da shagon atamfa a Babbar Kasuwa.

"Na faɗa masa tun farko," ya ce. "Mutum ya haura sittin, ya gama aikin gwamnati lafiya, maimakon ya zauna ya huta, kullum yana ƙetare gada cikin rana da jaka kamar ɗan lakkol. Karatun nan ne ya cinye shi."

Liman ya ce kwana ne ya ƙare, Alhaji, a yi masa addu'a. Babban Kawu ya ce haka ne, ya sunkuyar da kai. Can sai na ga yana share ido da bakin rawani.

Ni kuwa, ina zaune kusa da matarsa da muke kira Tanti, ina amsa gaisuwa, amma zuciyata lissafin kwanaki take yi. Saura kwana goma a rufe karɓar memwar a jami'a, wato littafin binciken da ɗalibin mastar yake rubutawa kafin a ba shi digiri. Na ji kunyar wannan lissafi, na yi ta ƙoƙarin korarsa, yana dawowa. Nawa memwar ɗin an sa masa hannu. Na Kawu yana cikin jakarsa, rataye a ƙusa bayan ƙofa, babi huɗu a rubuce, na biyar babu.

Ni da Kawu aji ɗaya muka yi. Saboda wannan nake rubutu, don in ba ni ba, ba na jin akwai wanda ya san shekarunsa uku na ƙarshe daga ciki.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da 'yan aji ɗaya da aji biyu, yawanci a ƙauyuka. Mushe ake kiransa ko'ina, yadda ake kiran malamin boko a nan. Da aka dawo da shi Niamey a ƙarshen aikinsa, ya shiga jami'a yana zuwa da yamma har ya samu lisans, digirin farko. Kowa ya ɗauka shi ke nan. Yana ajiye aiki sai ya kai takardunsa neman mastar a fannin ilimin koyarwa, a shekarar da ni ma na kai nawa.

Sau biyu ana maido masa da dosiyensa, wato takardun da ya kai. Takardar malantarsa ta farko tsohuwa ce, irin wadda aka daina bayarwa, kuma doka ta ce sai wani kwamiti ya zauna ya tabbatar da matsayinta. Kwamitin bai cika zama ba. Kowace Litinin Kawu zai yi wanka, ya sa farar riga, ya je ofishin rajista, ya gaida sakatariya, ya ce, "Ban zo faɗa ba, 'yata. Na zo in ji ko kwamiti ya zauna." Ta ce bai zauna ba. Ya ce to, Allah Ya kai mu Litinin. Da aka yi wata uku ana haka, sai ta fara ajiye masa kujera da ruwan sanyi. Ranar da takardar ta fito, ita da kanta ta kira shi a waya.

Da aka liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka, na ga nasa layi uku sama da nawa. Ban yi murna ba, ba zan ɓoye ba. Shekarata ashirin da huɗu a lokacin, ina so in yi dariya da ƙawayena ba tare da idon gida a kaina ba. Na kai ƙara wurin mahaifiyata. Ta ce, "In kin isa, je ki gaya masa." Ban je ba.

Ashe ya riga ni tunani. Ranar farko, muna cikin mota a tsakiyar gadar da ake ƙetarewa zuwa jami'a, ruwa a ƙarƙashinmu, ya juyo ya ce, "Uwata, saurara." Haka yake kirana, domin sunan mahaifiyarsu aka sa mini. "Daga nan zuwa can, ni ɗalibi ne, ke ɗaliba ce. Kada ki karɓar mini jaka, kada ki tashi ki ba ni wuri. In na faɗi abin da ba daidai ba a aji, ki ce ba daidai ba ne." Kuma ya riƙe wannan har ƙarshe. A jami'a madamazel yake ce mini kamar sauran. Sai mun sake hawa gada za mu gida sannan in koma Uwata.

Shi ne na farkon zuwa aji kullum. Yana zama a gaba, ya jera bik uku na rubutu, shuɗi da ja da baƙi. In zai amsa tambaya sai ya ɗaga yatsa, ya miƙe tsaye, ya gyara riga. Da farko 'yan aji suna danne dariya. Daga baya suka daina, don sun ga in ya miƙe akwai abin ji.

Ɗaya daga cikin malamanmu matashi ne, kuma ashe Kawu ne ya koya masa karatu a wani ƙauye na gabas. Ranar da ya shigo ya gan shi a layin gaba, takardun hannunsa sun kusa zubewa. Duk lokacin da Kawu ya miƙe sai ya ce, "Mushe, don Allah ku zauna." Kawu ya ce, "Yau kai ne mushe." A jarrabawar farko malamin nan ya ba shi takwas cikin ashirin, ya cika gefen takardar da jan rubutu. Na zaci ransa zai ɓaci. A mota ya fiddo takardar yana ta dubawa yana murmushi.

"Da ya ba ni goma sha biyar," ya ce, "da na san ban koya masa komai ba."

Yana da wata tambaya da ba ta barin bakinsa. Ka ce an ce kaza, sai ya ce, "Shafi na nawa?" Ɗalibi ya ce doka ta hana abu kaza, shafi na nawa? Babban Kawu ya kawo labari daga kasuwa cewa za a rufe iyaka, shafi na nawa? Har Tanti ta taɓa ce masa tuwo ya nuna, in yana so ya zo ya duba shafin da kansa. Ɗan littafin dokokin karatun mastar kuwa ya haddace shi kamar Fatiha. Ɗalibai suka gane ya fi sauƙi su tare shi a gindin bishiya da su yi layi a ofis. Ya san wace takarda ake kaiwa kwafi uku, wacce ake buga wa hatimi, da ranar da ake rufe kowane abu.

Amma ni da nake komawa gida tare da shi na san ba don sha'awa kawai ya haddace dokar ba. Tsoronta yake ji. Mastar shekara biyu ce. In ba ka gama ba, kana iya rubuta takardar roƙo a ƙara maka shekara ɗaya. In ita ma ta wuce, an soke sunanka, duk abin da ka yi ya tafi. Yajin aiki ya ci mana watanni, malamar da ke duba aikinmu, wadda muke kira Madam, tana da ɗalibai da yawa a hannunta, sai ga mu duka biyu a shekara ta uku, ta ƙarshe. Yakan tsaya gaban allon sanarwa ya karanta takarda ɗaya sau biyu, leɓensa yana motsi. Yana tsoron ordinatar ma, wato kwamfuta. Da yatsa ɗaya yake bugawa, kuma duk shafin da ya gama sai ya je an fitar masa a takarda, wai bai yarda da abin da ba zai iya ninkewa ya sa a aljihu ba. Wata rana wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu, ya kira ni yana tambaya ko babin ya tafi ke nan.

Bincikensa a kan yaran da suke shiga aji ɗaya ne da Hausa ko Zabarmanci a baki, a tarbe su da Faransanci. Yana da kaye, wato littattafan rubutu, fiye da talatin da ya cika tun yana saurayi, yana rubuta abin da yaro kaza ya ce, da inda ya tsaya, da ranar da ya fara karantawa. Nawa kuma a kan yadda 'ya'yan mata 'yan kasuwa suke koyon ƙidaya a gefen tiren iyayensu tun kafin su shiga lakkol, makarantar boko. Na ɗauki muryoyin mata da yawa a Babbar Kasuwa, rabinsu da Zabarmanci. Zabarmancina na ciniki ne, ba ya kai ni cikin hirar tsofaffi. Watanni suna tafiya, muryoyin suna cikin waya ban juya su ba, babi na biyu ban fara ba. Abinci ya daina shiga mini.

A nan na yi abin da ya haɗa mu faɗa. Na samo wani bincike da aka yi a wata ƙasa, na kwashi shafi tara, na canja kalmomi nan da can, na sa a matsayin babi na biyu. Na ba Kawu ya gyara mini Faransanci kamar yadda muka saba.

Bayan kwana biyu ya aiko a kira ni. Na same shi bayan la'asar a tsakar gida, takardun a kan cinyarsa, babu jan bik ko ɗigo a kansu.

"Uwata, wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce, Kawu."

"Shekara biyu ina karanta rubutunki. Ke ba kya fara jimla haka. Kuma nan an ce yaran suna sayar da kifin teku. Wane teku ne a Babbar Kasuwa?"

Na ce kowa yana yi. Na ce lokaci ya ƙure, in na tsaya rubuta nawa ba zan gama ba. Ya ce sashenmu na jami'a yana da na'urar gano kwafi, in ta kama ni kora ce, ba ma soke suna kawai ba. Na ce na canja kalmomin, ba za ta kama ba. Ya ce, "In ba ta kama ba, ni na kama. In kika kai wa Madam wannan, zan gaya mata."

Abin da na ce masa daga nan, har yau yana damuna.

"Kai ba ka da abin asara, Kawu. Ka gama aikinka, wasa kake yi da karatu. Ni rayuwata ce."

Ya dube ni. Ya ce, "Wasa." Ya ajiye takardun a kan tabarma, ya ɗauki hularsa ya fita.

Sati uku ba mu yi magana ba in ban da gaisuwa. A mota yana gaba ina baya. Kullum na shiga sashen sai in duba fuskar Madam, ina neman alamar ko ya faɗa mata. Ban kai babin ba, ban kuma sake shi ba. Ina nan kawai tsakanin tsoro biyu.

Wata Asabar da safe sai ga shi a gidanmu, da sabon kaye da abin sa wa a kunne da ya aro wurin ɗan maƙwabci. Ya gaisa da mahaifiyata, ya zauna a kujerar roba, ya ce, "Kawo muryoyin matan nan. Ke ki je ki rubuta babi na biyu da hannunki, ni in juya miki Zabarmancin." Bai ɗauko maganar da ta wuce ba. Ni ma ban ɗauko ba. Na ce a raina zan ba shi haƙuri yadda ya kamata in an gama, ranar da hankali ya kwanta. Ban ba shi ba.

Wata biyu ya yi yana wannan aiki. Ya saurara, ya tsayar, ya rubuta, ya mayar baya. Wani lokaci in ji shi yana dariya shi kaɗai don abin da wata mai sayar da kuka ta faɗa. Da ya gama juyawa, ya koma gyara mini Faransanci babi bayan babi. Na tambaye shi nasa babi na biyar fa, wanda zai tattara abin da ya gano. Ya buga goshi da yatsa ya ce, "Yana nan ciki. Kwana goma sun ishe ni."

Ranar Alhamis ya miƙo mini gyaran ƙarshe, ya ce gobe zai fara nasa, saura sati biyu cif, har da rara. Ranar Juma'a da safe Tanti ta same shi a bakin gado, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannu, ɓarin jikinsa ya saki. Ranar Litinin Madam ta sa hannu a kan memwar ɗina. Na je likita na sunkuya na gaya masa a kunne. Ya matse mini yatsu da hannun hagu. Ban san ko ya fahimta ba, ko kuwa hannun ne kawai ya motsa.

Ranar sadakar uku, babban ɗansa ya kira ni gefe, bayan motarsa. Yaya nake ce masa. Yana zaune a unguwar Koira Kano da iyalinsa, kuma shi ne ya saya wa Kawu ordinatar duk da bai taɓa son wannan karatu ba. Idanunsa sun yi ja.

Ya ce ya bincika. An gaya masa in ɗalibi ya rasu ya bar aiki kammalalle, majalisar jami'a tana iya duba yiwuwar ba shi digirin bayan rai. Ba tabbas ba ne, amma akwai hanya. In aikin bai cika ba, babu maganar.

"Babi ɗaya ne," ya ce. "Kin san aikin kamar naki. Ki rubuta, mu ce a cikin ordinatar muka same shi. Wa zai sani?"

Na ce, "Yaya, ka san halinsa a kan irin wannan."

"Na san halinsa. Na kuma san ya bar nasa ya yi naki. Wata biyu. Baffa ya ce a gaban mutane karatu ya kashe shi a banza. Ina so in rataya takardar nan a ɗakin Inna, duk wanda ya shigo ya gani."

Babban Kawu yake ce wa Baffa, Tanti kuma Inna. Ya buɗe mota ya ɗauko jakar Kawu ya sa mini a hannu. Na karɓa, domin abin da ya faɗa gaskiya ne.

Kwana uku na yi da jakar. Na sami tsarin babi na biyar a cikin kaye na ƙarshe: kanun magana, kibiyoyi, jimloli rabi-rabi. Na zauna na fara. Ranar Lahadi da azahar ina da shafi huɗu. Sun yi kyau, na kwaikwayi yadda yake jera magana, ba na jin Madam za ta gane. Duk sanda waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Na yi ta gaya wa kaina ba don ni nake yi ba, biyan alheri ne.

Sai na kai kan magana ta uku. A shekarunsa na farko, kamar sauran malaman zamanin, Kawu yana rataya wa yaro ƙashi a wuya in an kama shi yana Hausa ko Zabarmanci a filin lakkol. Yaron zai yi ta yawo da shi har ya kama wani ya miƙa masa. Ya ba da labarin a babi na uku ba tare da ya yanke hukunci ba. A nan ne zai yanke. Abin da ya rubuta a ƙarƙashin kan maganar layi biyu ne kawai, kuma da Hausa, ba da Faransanci ba:

"Yaran sun iya Faransanci. Wasu sun daina magana gaba ɗaya. Na cuce su ko na taimake su? A yi tunani."

Na daɗe ina kallon layukan. Shekara arba'in yana ɗauke da wannan tambaya, ya koma aji da furfura don ya amsa ta. In na rubuta ya cuce su, na sa masa tuban da ban ji daga bakinsa ba. In na rubuta ya taimake su, na wanke shi daga abin da shi bai wanke kansa ba. Ban san amsarsa ba. Ba na jin shi ma ya gama saninta. Na goge shafi huɗun.

Ranar Litinin da safe na je ofishin Madam. Na yi kusan awa ɗaya a baranda. Da na shiga ta taso ta riƙe ni, ta yi mini gaisuwa. Na ajiye babi huɗun da kayen a kan teburinta.

"Madam, ga aikin Kawu. Bai gama ba. Na biyar tsari ne kawai."

Ta buɗe kayen, ta karanta, ta daɗe a shafin nan. Sannan ta cire tabarau.

"Kin san ba zan iya kai shi majalisa haka ba."

"Na sani."

"Wani ya ce ki ƙarasa?"

Na dubi kayen da ke kan teburin. Ta ce ba sai na amsa ba. Na ce akwai wata magana kuma: hirarrakin da ke cikin nawa aikin, Kawu ne ya juya su daga Zabarmanci, ban rubuta haka a ko'ina ba, ban san ko laifi ne ba. Na faɗa ina sane da cewa saura kwana huɗu, kuma tana iya janye sa hannunta. Ta ce in koma in rubuta shi a fili a inda na bayyana yadda na yi binciken, da sunansa, in kawo mata ta gani kafin Juma'a. Game da nasa kuma, ta ce za ta nemi izini a ɗinke babi huɗun a ajiye a ɗakin karatu na sashen, a rubuta a bango cewa mai shi ya rasu bai kammala ba. Digiri dai babu.

Na kira Yaya daga bakin titi na gaya masa. Sai ya ce, "To. Allah Ya ba ki naki." Ya kashe. Ranar sadakar bakwai na gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. Har yau bai ɗauki wayata ba. Mahaifiyata ta ce in bar shi ya huce, uba ya rasa. Babban Kawu kuwa, ban san ko an gaya masa ba.

Na kai nawa ranar Juma'a, saura awa biyu a rufe. An sa mini ranar da zan tsaya gaban malamai uku in kare shi, sati mai zuwa ne. Ina tsoron tambayoyinsu, ina tsoron muryata ta ƙi fita. Wani lokaci kuma sai in ji kamar na hana mutumin da ya ba ni wata biyu na ƙarshen ransa abu ɗaya tak da zan iya ba shi.

Tanti ce kaɗai ban san ra'ayinta ba, kuma ita na fi jin tsoro. Shekaranjiya da hantsi na je gaishe ta. Tana cikin takaba, tana zaune a ɗaki a kan tabarma da carbi. Ba ta taɓa shiga lakkol ba, amma duk ƙauyen da aka tura Kawu ta bi shi.

Ta ce, "Yayanki ya gaya mini."

Na sunkuyar da kai ina jira.

"Wai me ya rubuta ne a ciki? Shekara uku abincinsa yana hucewa a kai, ban taɓa jin ko layi ɗaya ba."

Akwai kwafi a jakata. Na buɗe na fara karanta mata, ina mayarwa Hausa. Ta ajiye carbin. Tana jin sunan ƙauye sai ta ce nan ne rijiyarsu mai gishiri, nan ne rufin ɗaki ya faɗo musu da damina. Na kai wurin da ya ba da labarin wata yarinya a ƙauyensa na farko, wadda ta yi wata shida a aji ba ta ce uffan ba. Ya rubuta cewa wata rana ya tsaya ta hagunta ya kira ta ba ta juyo ba, a nan ya gane kunnen ba ya ji, ya maido ta gaba, kafin ƙarshen shekara ta fara karatu.

Tanti ta ɗaga hannu.

"Ba haka aka yi ba. Ni na gane. Yarinyar 'yar maƙwabtanmu ce, tana zama wurina in ina daka. Ni na ce masa, Mushe, yarinyar nan ba taurin kai gare ta ba, ba ta ji ta wannan ɓarin. Har ya yi mini gardama kwana biyu."

Sai ta yi dariya, ta farko tun rasuwar, gajeriya, ta rufe baki da gefen zane.

Na ce, "Tanti, ba a ɗinke ba tukuna. Layi ɗaya ne, ina iya gyarawa in sa ke ce."

Ta girgiza kai.

"Kin hana ɗansa ya ƙara masa, sai ni za ki ƙara masa? Bar shi yadda ya tuna. Kuskurensa ne, nasa ne." Ta ɗauki carbinta ta gyara zama. "Karanta gaba."

Na karanta har aka kira azahar.

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yalwata masa kabari, Ka karɓi abin da ya gama, Ka yafe masa abin da bai samu gamawa ba. Ka isar masa da haƙurin da na yi jinkirin bayarwa.